Ƙarin Ƙafa Biyar

"Clive, jirgi na tara ke nan fa!" in ji Glenys. "Wancan yoyo, wannan tsatsa. A gidan haya kake so mu mutu?"

Fam dubu arba'in ita da mijinta suka tara, bayin Allah, don su sayi jirgin ruwa na hannu su tare a ciki, su ɗaure shi bayan gidan 'yarsu a Yorkshire, kusa da jikoki.

Na goma ya kwanta mata. Ya fi sauran tsawo da ƙafa biyar, mai shi kuma ya rage dubu uku ba gardama.

"Arahar nan ta yi yawa," in ji mijin.

"Kai dai tsoho, ba ka rabo da mita."

Mako uku suna tafe. Saura mil shida su isa gidan 'yarsu, suka shiga ƙofar ruwan da ke ɗaga jirage zuwa tudu. Ƙofa ta ƙi rufuwa, gindin jirgi yana waje. Glenys ta tura, ta ja, har da zagi.

Mai tsaron ƙofar ya leƙo, ya washe baki.

"Lah, mutumina ya dawo! Haƙuri za ki yi, Mama, ya fi ƙofofinmu tsawo. Ku ne na huɗu da kuka saye shi kuka kawo shi nan."