Ranar da Na Goge Ordinatar da Miyau

A lakwal ɗinmu, wato makarantarmu ta boko a Bande, in ka yi kuskure a allonka, kafin malami ya iso ka tofa miyau ka goge. Da haka muka tashi.

Wata rana da la'asar malaminmu, Mushe Habu, ya shigo aji da ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta. Akwai ɗan kunkuru a gilashinta, ka rubuta masa umarni, je gaba, juya dama, shi kuma yana tafiya yana zane. Ya ce mu sa shi ya zana ɗaki mai kusurwa huɗu.

Da aka zo kaina, kunkurun ya yi bango biyu, sai ya miƙe ya bar ɗakin a buɗe. Aji ya kwashe da dariya. Ban san sanda na tofa miyau a bakin zanen da na ɗaura na hau murza gilashin ba. Layin ya ƙi fita.

Na runtse ido ina jiran dundu. Sai na ji Mushe ya tsuguna kusa da ni, yana warin alli.

Ya ce, "Ke, bar shi. In kin goge, wa zai nuna miki inda kika ɓata? Karanta abin da kika gaya masa."

Na karanta. Ashe juya dama ɗaya na manta. Na ƙara, ɗakin ya rufe.

Jiya ɗiyata ta ga na nufo ta, ta yi wuf ta rufe lissafinta da tafin hannu. Na tsuguna kusa da ita. Allah ya saka wa Mushe Habu, na san abin da zan ce.