Bankin da Ya Ba Ni Kujera

Da murmushi suka zo kwashe kekunan ɗinkina.

"Baba, ɗan ɗaga ƙafa mu wuce da wannan."

Mai maganar ma'aikacin bankin nan ne da ya ba ni kujera da ruwan sanyi bara. Kafin in shanye kofin rance ya fito, kekunana suka zama jingina.

A wani bankin da ke tsallaken titi na fara neman rancen. Wata mai ɗaure fuska ta tsare ni da tambayoyi: ɗinki nawa a wata, baki nawa nake ciyarwa? Ta ce, "Baba, kayan nan sun fi ƙarfin wuyanka." Na wanke ta tas, na fita.

Da shagona ya zama wayam, na tsallaka in ba ta haƙuri.

Mai gadi ya ce, "Ai an sallame ta, Baba. Wai ta cika hana mutane rance."