Jitar Madaci

"Madaci ka sa? Katako mara nauyi na ce maka, mai zaƙin murya!" Makaɗin ya jona jitar da kafinta ya ƙera masa a lantarki yana huci.

Matar kafintan ta dubi mijinta, wata uku yana wannan aikin. Tana bakin shagon, goye da 'yarsu, wadda tun haihuwa ko faɗuwar tukunya ba ta taɓa sa ta waiwaya ba.

Makaɗin ya kaɗa jitar. Sautin ya fito da kauri, gum, har cikin ƙirji.

"Ka ji ko? Na fasa."

Sai jaririyar ta zabura, ta tsala ihu.

"Maigida, ta ji! Wallahi ta ji! Malam, sake kaɗawa don Allah!"

Kafintan ya karɓe jitar, ya dubi 'yarsa.

"Sauka lafiya, malam. Mai ita ta amsa."