Aljanar Bayan Firji

Darakta ya dafe kai yana kallon wata baiwar Allah tana birgima a gaban kyamara, ƙahon roba ɗaya ya zame mata har kan kunne. Wai ita nan aljana ce. Ko kyanwa ba za ta razana ba.

"Sannu da ƙoƙari," in ji shi. "Je ki gida, za mu neme ki ranar da muka fara shirin masu ciwon ciki."

Tun safe ake wannan gwaji. Shirinsa, Aljanar Bayan Firji, shi ke riƙe da tashar talabijin ɗinsu: labarin wata aljana ce da ta tare a kicin ɗin wasu ma'aurata, ta fito da jajayen idanu ta firgita gidan, sannan ta ɓuge da rigima a kan wanda ya shanye mata madara. Yara na kallo ta tsakanin yatsu, manya na dariya har da hawaye. Masu sukar shirin kuwa ba sa bari ko kashi ɗaya ya wuce su, don su san abin da za su soka. Ana cikin haka mai fitowa a aljanar ta ajiye aiki, wai 'ya'yanta sun daina karɓar abinci daga hannunta.

Kamar wannan bai isa ba, aka sayar da tashar. Sababbin masu ita suka naɗa sabon shugaba wanda ba a taɓa gani ba, an dai ce da almakashi zai zo. Shirin aljana babu aljana shi ne farkon yanka, Darakta kuma bai iya wata sana'a ba sai tsorata jama'a.

Sai ƙofa ta buɗe ba tare da an ƙwanƙwasa ba.

Wata dattijuwa ce doguwa, cikin baƙaƙen kaya, tabarau a kan karan hanci. Ta dubi wayoyin lantarki da ke warwatse a ƙasa. Ta dubi kofunan shayin jiya. Ta dubi mai kyamara da ke tauna cingam, bawan Allah ya haɗiye shi bai shirya ba.

"Waye mai ɗakin nan?" ta tambaya, murya can ƙasa.

Tsikar jikin Darakta ta tashi, abin da ya yi shekaru bai ji ba. Ya miƙe.

"Kin makara, Gwaggo, amma zo. Tsaya jikin firjin can."

"Ni?"

"A'a, da firjin nake. Yi sauri mana."

Ta taka ta je ta tsaya. Tafiyar kaɗai ta isa a yi talla da ita.

"Kin san abin da ya sa mutane ke son shirin nan?" in ji Darakta yana zagaya ta kamar mai tayin saniya. "Kowa da aljaninsa. Wani mai gidan haya, wani suruka, wani shugaban wurin aiki. Ba dama ka yi musu dariya a ido. Sai ka dawo gida ka kunna talabijin, ka ga wadda ta fi su muni ta taka ɓawon ayaba ta zame. Ka yi barci ba magani."

"Har da shugaban wurin aiki," ta ce.

"Ai shi ne uban tafiyar. Namu ma yana hanya. Na san wani mai tumbi ne, wanda bai san gaban kyamara da bayanta ba."

Ma'aikata suka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"To, a kunna. Ki ɗauka wani sakarai ya raina ki a gaban mutane."

"Ba sai na ɗauka ba."

Ta zare tabarau a hankali, ta zuba masa ido, ta yi wani siririn murmushi. Buroshi ya suɓuce wa mai kwalliya. Mai fitilu ya hau salati. Sai ta juya ta buɗe firjin, ta ci karo da takalmin wani a ciki, ta ɗago shi da yatsa biyu.

"Wannan ma cikin kayan tasha yake?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Mai kyamara na dariya yana ja da baya. Darakta ya ji kamar ya yi kuka: ga tsoro, ga dariya, a numfashi ɗaya. Abin da ya wuni nema ke nan.

Mai kwalliya ta matso da hoda da ƙaho. Darakta ya tare ta.

"Mayar da hodarki. Wannan fuskar Allah ya riga ya gama aikinta. Ƙaho kawai ya rage."

Da hannunsa ya ɗora mata, ya gyara na hagu, ya ja baya yana jinjina kai.

"Kin samu aiki, Gwaggo. Gobe zan kai wa sabon shugaban nan hotonki. In bai jiƙa wando ba, a canja mini suna."

"Mene ne sunan naka?" ta ce. "Ina so in riƙe shi da kyau."

Ya faɗa mata, har da na mahaifinsa, yana washe baki.

Nan sakataren tasha ya faɗo ɗakin yana haki, alamar ya zagaye ginin kaf. Ya hango ta jikin firji, ya dubi kanta, ya dubi Darakta irin kallon da ake wa gawa, sannan ya rusuna.

"Ranki ya daɗe, manyan ma'aikata duk suna sama suna jiran sabuwar shugabarsu. Da ƙahon za ki hau, ko in riƙe miki?"