Sabuwar Konsatinar Malachy Hehir

Shekara uku Malachy Hehir yana zama a kujerar bakin ƙofa, inda ake rataye jiƙaƙƙun riguna. Kowace Lahadi bayan coci makaɗan Kilmihil sukan yi da'ira a ɗakin baya na mashayar garin, masu goge da masu sarewa gwiwa da gwiwa. Shi kuwa yana can gefe da konsatinarsa ta 'yan koyo, ƙaramin abin kiɗan nan mai maɓallai a gefe biyu da zugazugi a tsakiya, yana ja yana matsawa kamar mai tatsar saniya mai taurin kai. Tatsar dai ya iya, don shekara arba'in ya yi a kanta kafin ya bar wa ɗansa gonar. Burinsa bai wuce a ja masa kujera cikin da'irar ba, wata rana kuma Fintan Frawley, tsohon mai gogen da ke jan zaman, ya dube shi ya ce ya ɗauko musu kiɗa.

A yankinsu na Clare ba a gaya wa mutum kiɗansa ba daɗi. Ana iya gaya masa ƙanensa ɓarawo ne, amma ban da wannan. Saboda haka duk wanda Malachy ya tambaya, amsar ɗaya ce: hannun ba laifi, abin kiɗan ne ke danne shi. Maɓallan sun yi tauri, zugazugin kuma yana zubar da iska.

Bawan Allah ya ɗauki maganar da gaske. Ranar da ya sanar cewa zai sayi ta ƙwarai, mai harsunan ƙarfe masu ba da sauti irin na dā, wadda ake jiyowa daga ƙarshen gona, makaɗan suka dubi juna. Fintan ya daɗe yana gyaran tsirkiyar da ba abin da ya same ta.

Matarsa Gobnait ce kaɗai ta goya masa baya ba tare da inda-inda ba. Ita ta ja motar zuwa garin Ennis, wurin wani dattijo mai sayar da tsofaffin konsatina. Dattijon ya jera guda shida a kan tebur, ya shiga bayani: kada ƙyallin katako ya ruɗe ka, duba nauyinta a gwiwa, duba saurin amsawar maɓalli, rataya ta ka ga ko zugazugin zai riƙe iska. Malachy yana ta gyaɗa kai, amma ko kalma ɗaya ba ta shiga ba. Ya ɗauki ta huɗu ya ja da ƙarfinsa. Kofunan shayi suka yi rawa, karen da ke ƙarƙashin tebur ya miƙe ya fice.

"Ita ce, Malachy," in ji Gobnait. "Da ganin fuskarka na sani."

Ita ta lura cewa maɗauran fatar sun yi wa manyan hannayensa kaɗan, ta ce a bar mata konsatinar ta kai a sauya su, dama tana da aike a Ennis ranar Juma'a. Da ta kawo ta gida, ta ce sai ta kwana biyu a ɗakin ɗinkinta, nesa da murhu, katakon ya saba da iskar gidan. Malachy ya ji daɗin irin wannan kulawa, har ya ba da labarinta a kasuwar shanu.

Ranar Lahadi ya ja konsatinar a bakin ƙofa. Sautin ya fito a hankali, kamar daga ɗakin maƙwabta. Fintan ya ajiye gogensa ya kasa kunne, ya daɗe yana kallon abin.

"Ka manta ta gefe sautinta ke fita?" in ji shi. "In mai kyau ce, mai riƙe da ita ne na ƙarshen jin ta. Da kana tsallaken titi da ka sha mamaki, mutumina."

Kowa ya tabbatar da haka, wasu ma tun kafin Fintan ya rufe baki. Da hannunsa Fintan ya jawo wa Malachy kujera ya sa a kusa da tasa.

Bayan wata biyu aka ce Malachy ya ɗauko kiɗa. Bai kai ƙarshen layin farko ba duk ɗakin ya rufa masa baya, goge da sarewa da ganga. A mota ya yi kuka, bai ji kunya ba. Tun haihuwar ɗansa bai yi farin ciki irin na ranar ba. Gobnait ta miƙa masa hankici, idonta a kan hanya.

Da kaka ta shigo, maɓalli ɗaya ya fara maƙalewa. Dama yana da ganin likitan ido a birnin Galway, sai ya tafi da konsatinar a bas bai gaya wa kowa ba, ya shiga shagon wata mai gyara. Matar ta kwance ƙusoshi shida ta ɗaga murfin gefe. Sai ta kwance ɗaya gefen ma.

"Mista Hehir, wa ya yi maka wannan aikin? Na sha ganin ana sa siririn ƙyalle don a tausasa murya. Amma ninki uku, da ɗinkin hannu haka tsaf, ban taɓa gani ba. Da wannan a ciki, ko na kusa da kai da ƙyar zai ji ka. In cire?"

Ta ɗago shi da ɗan hantsaki, ta ajiye a tafin hannunsa. Ulu ne kore mai kauri, an yanka shi kusurwa shida daidai da bakin konsatinar.

Malachy ya san yadin. Kwat ɗin da Gobnait ta fito da ita daga coci ranar aurensu ce, wadda ta yi shekara arba'in da ɗaya tana hana kowa taɓawa.