Dabarar Zikrullahi a Kan Hijabin Rashidatu

A buɗe hanya, ga Zikrullahi, sarkin 'yan keke Napep na Bosso, wanda ya bar makaranta a aji uku amma ya fi farfesa baki! Sai dai yau sarki ya kasa zama. Ya kashe keke a ƙofar gidan su budurwarsa Rashidatu a Sauka Kahuta, ya tayar, ya sake kashewa.

Ta fito fuska ba walwala. Jiya manajan otal ɗin da take aikin tarbar baƙi ya yanke mata hukunci: ranar Litinin ta zo cikin sabon yunifom ba hijabi, ko ta zauna gida.

“Rashi, kwantar da hankalinki, na samo dabara,” ya ce yana kaɗa makulli. “Kullum in kai ki har ƙofa, ki cire ki bar mini a keke. Da an tashi ina nan ina jira. Wa zai sani? Aiki a Minna ba a tsintarsa a titi, ga bikinmu bayan Sallah.”

Ta kalle shi. Shi da ke jiran dariya, sai ya ji ta ce:

“Tun da safe na mayar musu da yunifom ɗinsu.”

“Af! Ai wasa nake yi. Gwada ki nake, wallahi…”

“Kada ka rantse,” ta ce. “Shi manaja da ya ce in cire, bai taɓa cewa yana sona ba. Matsar da kekenka, ka tare mana ƙofa.”