Kaboyin Inna

Alhaji Awalu, dillalin albasa a kasuwar Sandaga, ya dire talabijin ɗin a ƙofar Jibirilla yana huci.

"Wannan ba ita na saya ba."

Jibirilla ya dubi talabijin ɗin da ya sayar masa. Wata tara ke nan da sallamarsa daga ofis, tun da ƙasa ta shiga matsi aka kama rage ma'aikata. Kuɗin talabijin ɗin kuwa tuni sun zama shinkafa, an cinye.

"Haba Alhaji, bango ɗaya ya raba mu. Ai na faɗa maka muryarta ta mutu."

"Na kai an gyara, gyaran ne ya jawo mini masifa. Don Inna na saya, ka san idonta ya tafi. Duk Asabar jingina take da bangonka tana sauraron katun ɗin kaboyin nan na yara. Jiya na kunna mata, ta ƙi cin tuwo. Wai nata kaboyin sallama suke kafin su shiga gari, su tambayi lafiyar shanu. Waɗannan kuwa Faransanci kawai suke zubawa, ba gaisuwa sai harbi."

Jibirilla ya kasa haɗa ido da shi. Tun da muryar ta mutu, shi ke zama gefen akwatin yana yi wa 'ya'yansa maganar kowa da Hausa, har haniniyar doki.

"Na sa an sake tsinke wayar," in ji Alhaji. "Mayar da ita mazauninta. Asabar bayan la'asar kana da aiki, da albashinka. Inna na so ta ji ko an dawo da bijimin nan da aka sace."